Ƙwaina Sittin da Lamba Ɗari

Hannuna na kan soket, zan zare wayar injin ƙyanƙyasa ke nan, sai Ya Falmata ta yi sallama. Maƙwabciyata ce a nan Dusuman, tsohuwar ma'aikaciyar jinya.

Ƙwai sittin na zuba, karona na farko, a injin da na saya na hannu. Na leƙa gilashinsa na ga 100. Ɗari fa! Ni dai tun a makaranta na san a ɗari ruwa ke tafasa.

Na ce, "Ya Falmata, taimaka, ƙwaina dahuwa suke yi!"

Ta gyara tabarau ta duba, sai ta fashe da dariya. "Ƙanwata, kalli harafin da ke gefe. F ne, ba C ɗin da muka saba da shi ba. Wannan Faranhait ne. Cire 32, ki ninka sau biyar, ki raba gida tara."

Na lissafa a wayar salula. Ya ba ni 37.8.

Ta ce, "Kin gani? Ɗumin da kaza ke ba ƙwanta ne. Zafin Maiduguri na watan Afrilu ma ya fi shi. Sakar musu wayarsu."

Yau kwana ashirin da ɗaya. Da safe na jiyo ciu-ciu, na ruga ko takalmi babu. Jama'a, 'yan tsaki arba'in da bakwai, sauran suna ta fasa ɓawo! Alhamdulillah!

Da ba ta shigo ba, da da hannuna zan kashe su saboda harafi ɗaya. Ku fa, wace lamba ce ta taɓa tsorata ku a banza?