Gayyar Bappa Mahfuz a Tirwun

Bappa Mahfuz aminin marigayi maigidana ne, Allah Ya ji ƙansa. Ya daɗe a ƙungiyar ƙwadago kafin ya yi ritaya, shi ya sa a Ƙofar Wambai ake ce masa Kwamared. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma maganarsa ɗaya na riƙe: wai ba a haifi kowa da son kai ba, matsi ne ke koya wa mutum.

Yana da gonar gyaɗa a Tirwun. Duk wanda ya kira gayya a can, Bappa ne farkon zuwa da fartanyarsa, bai taɓa karɓar komai ba sai kunu. Bara gwiwa ta kama shi, ga gyaɗa ta nuna, ga hadari bai daina haɗuwa ba. In ruwa ya sake dukanta, a ƙasa za ta tsiro. Sai shi ma ya kira gayya, ya roƙe ni in yi tuwo.

Na tuƙa, na ɗauki keke napep har gonar. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Mutum ɗaya ya zo, Hammajoda mai nama, shi ma tsokana ta kawo shi.

"Kwamared, ina talakawan naka? Na gaya maka, halin ɗan Adam ke nan."

"Ba halinsu ba ne," in ji Bappa, "halin da suke ciki ne. Wanda ya sayar da gonarsa aka yanka fulotai, gayyar wa zai rama?"

"To halin ya tone maka gyaɗar."

Bappa bai yi dariya ba. Ya dubi magina da ke ɗora bulo a inda dā gonar maƙwabcinsa take. Biyu daga cikinsu ya sha yi wa iyayensu noma. Sun gan shi, suka sunkuyar da kai.

"Maman Khairat," ya ce mini, "kai musu tuwon, kada ya lalace."

Na kai. Suka ci, suka yi godiya, suka koma kan bulonsu, don mai ginin yana tsaye a kansu.

Da la'asar ruwa ya sauko. Bappa ya yi ta tono shi kaɗai yana jan ƙafa, abin da ya tsira bai kai na iri ba. Bana bai yi shuka ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na ji yana tambayar Hammajoda wane dillalin filaye ne ba ya cutar tsofaffi.