Tantin da Ya Yi Yoyo a Tsafe

Shekarun baya can, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina da 'yar rumfar dukanci a bakin Sabon Gari. Ni dai mutum ne mai son gida. Ko Bungudu na je gaida mahaifiyata, in na kwana biyu sai in fara kewar tabarmata da inuwar durumin ƙofar gidana. Matata takan ce da ana goya gida kamar jariri, da tuni na sa an ɗaura mini nawa a baya. Ban taɓa musa mata ba.

Ina da aboki wanda muka yi karatun allo tare, muka kuma watsar tare. Shi ya zama kukun wani Bature mai sayen gyaɗa da auduga, kuma ta hannunsa nake samun gyaran sirdi da jakunkuna. Wata rana da hantsi, bayan an rufe cinikin gyaɗa, sai ga shi da wani ƙaton tamfol a naɗe bisa jaki.

Ya ce, "Tantin Maigida na. Gara ta taɓa shi. A sake mashi ɗinki tun daga doro har gindi, don tahiya za mu yi."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Kamaru."

Ban san lokacin da basilla ta faɗi daga hannuna ba.

Dole in gaya muku abin da wannan suna yake nufi a gidanmu. Lokacin yaƙin Jamus an bi gari gari ana ɗibar maza su yi wa soja dako, aka haɗa da yayana. Kamaru aka kai su. Waɗanda suka dawo sun dawo da tari da ƙafafu a kumbure, suna ba da labarin dajin da rana ba ta taɓa ƙasarsa, da duwatsun da sanyinsu kan kashe mutum yana zaune, da wani tafki a kan tsauni wanda babu kogin da ke shigarsa, babu mai fita. Yayana bai dawo ba, kuma babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Shekaru suka wuce, alƙali ya sallami matarsa ta yi wani aure. Mahaifiyata kaɗai ta ƙi yarda a yi masa sadakar mamaci. Duk Sallah sai ta fito da rigarsa ta wanke, ta shanya, ta mayar cikin adudu.

Na ce wa abokina, "Wani yaƙin anka tayar?"

Ya yi dariya. "Hutu za shi."

"Mi zai sayar can?"

"Ba komi."

"Yana da dangi?"

"Ko ɗaya."

"To mi zai yi?"

"Dubawa zai yi."

"Ya duba mi?"

"Ruwa da dutsi da itace."

Na ce masa in dutse ne ga na Kwatarkwashi nan kusa, ya je ya duba har idonsa ya gaji, in ruwa ne ga gulbi. Ni a sanina mutum yakan bar garinsu don fatauci, ko Makka, ko neman karatu, ko kuma an kore shi. Wanda ya ce zai ƙetare ƙasashe ya kwana a daji alhali yana da ɗaki mai rufi, ko dai ba shi da lafiya, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Kuma wannan Bature lafiyarsa lau.

Bayan kwana uku aka kira ni gidansa in auna igiyoyi. Na tarar an jera kaya a baranda, kowane ƙunshi an auna shi daidai kan mutum ɗaya: akwatunan gwangwani, gadon da ake naɗewa, gidan sauro, bahon wanka na tamfol, bindiga biyu. Wani tsoho mai ban ruwan lambun gidan, wanda ya yi dakon yaƙi ya dawo, ya raɓo kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Haka anka jera muna namu." Ya koma ga tulunsa.

Baturen ya fito da fara'a, ya shimfiɗa taswira, yana bin ta da yatsa abokina yana fassarawa. Da ƙafa zuwa Zariya, sai jirgin ƙasa, sai jirgin ruwa, sai kuma hawan dutse na kwanaki. Ya ɗauko wani ɗan hoto ya miƙo mini. Tafki ne zagayayye kamar bakin ƙwarya, baƙi wuluk, itatuwa sun sunkuyo a kansa. Yana ta murmushi yana jiran in yaba. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, in mutum ya zame a nan, ko hularsa ba za a tsinta ba.

Sai ya nuna ni ya yi wata magana. Abokina ya buga ƙirji ya ce, "Da kai za a tahi. Ruwan can yana cin zare da takalmi, ana son baduku kusa. Ni na ce mashi duk Zamfara babu kamarka."

Na dube shi. Da ba a gaban Bature ba ne, ban san abin da zan yi masa da wannan yabo ba.

Daga ranar tuwo ya daina wuce mini. In na ji kukan jaki sai in ɗauka an zo tafiya da ni ne. In na zauna ɗinki sai in tsinci kaina ina kallon yarana ɗaya bayan ɗaya, ina lissafin wa zai riƙe wa. A zamanin nan kuwa talaka ba ya duban Bature ya ce ba ya zuwa. Hanya ɗaya ce ta rage, wadda kowa ya sani: ba a yin doguwar tafiya sai da iznin uwa. Abokina ma ya tabbatar mini cewa in tsohuwa ta hana, Maigida ba zai ja ba, don shi kansa duk mako sai ya rubuta wa tasa uwar takarda.

Sai na ji hankalina ya kwanta. Matar da Kamaru ta cinye wa ɗa, ita ce za ta ba da na biyu? Na kama hanyar Bungudu tun da sassafe, har ina 'yar waƙa.

Na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, na ɓata fuska yadda ya kamata, na zayyana mata komai. Dajin, da sanyin, da tafkin. Har na ƙara da abin da ba a gaya mini ba. Na gama, ina jiran kuka.

Ta ajiye mazari. Sannan ta ce, "Can inda anka kai yayanka?"

Na ce, "Can, Inna."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adudu. Ta fito da rigar a naɗe, ta ɗora mini a cinya.

"Shekara nawa ina roƙon Allah Ya ba ni mai zuwa," in ji ta. "Ka tahi. In ka gane shi, ka ba shi rigarshi. In ba ka gane shi ba, ka tambaya inda anka aje su, ka tsaya ka duba wurin da kyau, ka zo ka hwaɗa mani. Ni dai idon da na haihwa ya gani, shi ke nan, sai in huta."

Ta sa mini albarka, irin wadda ba ta taɓa sa mini ba. Na bar mata rigar a kan zan biyo in karɓa kafin mu tashi. Hanyar da na zo ina waƙa, na koma ta ina jan ƙafa kamar mai ciwon kurkunu.

A kan hanyar nan ne shaiɗan ya samu wurin zama a zuciyata. Na san Baturen ya ce kafin a tashi za a je Tsafe a kafa tantin a gindin dutse, a kwarara masa ruwa a gani. Duk baduku kuwa ya san sirrin ɗinkin tamfol: zare sabo, a murza shi da kakin zuma, a matse ɗinki, sannan a bi kan layin da narkakken kaki ya toshe hujin basilla. Na yi wa gefuna haka, tsaf. Da na zo kan doro, inda ruwa ke fara sauka, sai na ɗauko wani tsohon zare da ya shekara a rataye, na yi ɗinki mai faɗi, na bar kaki a cikin kasko.

Matata ta leƙo ta ce, "Yau ban ji ƙamshin kaki ba."

Na ce mata mura take yi.

Ranar gwaji muka isa Tsafe da azahar, aka kafa tanti. Mutanen gari suka taru suna kallon Baturen da ya bar gida zai zauna cikin tsumma. Ya sa aka shigar masa da kujera da tebur, ya shiga da taswirarsa da ɗan hoton nan, ya ce a zuba. Maza biyu suka hau kan dutse da tuluna. Ni ina tsaye baya. Sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayar kaina abin da ake yi wa wanda ya jiƙa Bature ba. Bulala ce? Gidan yari ne? Ko kuwa cewa zai yi in gyara, a tafi da ni duk da haka, ga kunya ga Kamaru?

Tulun farko ya gangare lafiya. Na biyu ma haka. Har na fara tsoron hannuna ya ƙi yi mini ƙarya. A na uku sai muka ji ɗis, ɗis a kan takarda, sannan doron ya buɗe kamar tsawon kamu ɗaya, ruwa ya zuba gaba ɗaya.

Baturen ya fito gashinsa a manne da goshi, taswira tana ɗiga. Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙa hannu ya zaro zaren, ya ja shi ya tsinke, ya je gefe ya ja na can ya ƙi tsinkewa. Ya dube ni, ya yi 'yan kalmomi, ya juya.

Abokina ya ce, "Ya ce ka koma gida."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Akwai saura, amma ba ni hwaɗa maka." Ya ɗauki guntun zaren ya murza a yatsunsa, ya sansana. "Da ka gaya mani tsoro kake ji, da na san ƙaryar da zan yi maka. Ni ka sa na buga ƙirji."

Ba zan ɓoye muku ba, daga Tsafe zuwa Gusau ƙafata ba ta san ƙasa ba don murna. Na ci tuwo malmala uku. Sai da gari ya waye na tuna akwai riga tana jirana a Bungudu.

Na yi kwana huɗu ina ɗage zuwa. Da na je, na gaya mata an fasa tafiya da ni, tantin ya yi yoyo.

Ta ce, "Ɗinkinka?"

Na ce, "Nawa, Inna."

Ba ta dubi fuskata ba, hannuwana ta duba. A ƙafarta kuwa akwai takalmin da na ɗinka mata tun ina koyon sana'a, fatar ta cinye amma ɗinkin yana nan. Ta ce, "To, Allah bai yi ba." Ta tashi ta dama mini fura, ta sa zuma da yawa kamar yadda nake so. Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamar furar nan ba.

Ashe matata ta ba abokina labarin rigar. Kwana biyu kafin su tashi ya je Bungudu da kansa, bai gaya mini ba, ya durƙusa ya ce a ba shi saƙon.

Wata uku suka yi. Kullum ina jiran a zo a ce tafkin ya haɗiye shi, in san cewa da ni ne. Sai ga shi ya dawo har da ƙiba. Ya ce in raka shi wurin tsohuwa, na bi shi kamar wanda za a kai gaban alƙali.

Ya gaya mata cewa a gindin duwatsun akwai zangon Hausawa, da masallacinsu da mahautansu. Ya yi ta tambaya, babu wanda ya san yayana da suna. Amma limamin wurin ya kai shi wani fili a bayan gari inda aka binne 'yan dakon da suka mutu lokacin yaƙi, kuma ya ce duk wanda aka gane Musulmi ne an yi masa sutura da salla. A nan ya ba liman rigar sadaka, suka yi addu'a.

Mahaifiyata ta ce, "Ka tsaya ka duba?"

"Na duba, Inna."

"Da sanyi?"

"Da sanyi. Amma akwai itatuwa manya, ga ciyawa kore shar, ga ruwa yana gudu kusa."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Yana son inuwa." Sannan ta juyo gare ni ta ce in je in gaya wa limamin unguwa, gobe za a yi sadaka.

A hanyar dawowa na tambayi abokina abin da Baturen ya yi a bakin tafkin. Ya ce kujera ya kafa ya zauna yana kallo kwana uku, ya kama kifi biyu, ya ce a naɗe tanti. Da gaske dubawa kawai ya je yi.

Yanzu na tsufa, kuma har yau ban taɓa wuce Zariya ba. Ba na jin haushin kaina don na ji tsoro, wanda ya ga yadda 'yan dako suka dawo dole ya ji. Abin da ke damuna shi ne, sau ɗaya tak matar nan ta roƙe ni abu a duniya, na kuwa amsa mata da ruɓaɓɓen zare. Masu kawo mini aiki suna yaba yadda nake bin ɗinki da kaki har sau biyu. Nakan yi godiya kawai.

Har ta rasu ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai in baƙi sun tambaye ta labarin yayana takan ce, "Ya rasu a Kamaru. Ɗana ya je ya gano wurin." Sai su juyo su dube ni da girmamawa, ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da ɗinki.