Cajar Alhaji da netwok ɗin ofishinmu

Shekarun baya, ina gama difloma, mahaifina ya roƙa min aiki a wurin amininsa, wani Alhaji mai ofishin sayar da tikitin jirgi a Tarauni. Kullum da safe na hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi, na ci gayu, ina jin kaina tamkar manajar banki. Aikina shi ne yankar tikiti a wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke bakin ƙofa.

Matsalarta ɗaya ce. Ina tsaka da yankar tikiti, mutum na tsaye a kaina, sai netwok ya ɗauke. Wani lokacin ya dawo kafin na gama salati, wani lokacin sai bayan la'asar, wata ranar kuma lafiya lau har a tashi. Babu abin da ban yi ba. Na kashe na kunna, na zare wayar da ke bayanta na hure ramin na mayar, na sayo sabuwar waya, har addu'a na tofa mata.

Alhaji kuwa tuni ya yanke hukunci. A cewarsa kafin zuwana ba a haka, ko dai fina-finai nake kallo, ko kuma takardar tawa ta ado ce. A gaban baƙi yake faɗa yana dariya, ni ma na yi yaƙe.

Wata rana an ɗauke wuta, muna kan inbata, wato batirin da ke riƙe mana wuta, netwok ya tafi, na shiga ofishinsa kai masa shayi. Sai idona ya sauka a kan rawuta, 'yar na'urar da ke ba mu netwok, babu fitila ko ɗaya a jikinta. An zare ta daga soket, an sa cajar wayarsa. Ashe soket ɗin nan ne kaɗai ke kan inbata a ɗakin. In an ɗauke wuta wayarsa ba caji, sai ya zare rawuta, in an kawo ya mayar da ita.

Na kira mai gyaran da ke zuwar mana daga kasuwar waya, na nuna masa. Ya yi murmushi, ya ce ai ya daɗe da gani, masinja ma ya sani, amma wa zai kalli Alhaji ya ce masa shi ne? Da Alhaji ya tambaye shi, sai ya sosa ƙeya ya ce kwamfuta dai lafiyarta ƙalau. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar ni a ciki.

Sai na faɗa da kaina. Na jira baƙi suka fita, na durƙusa har ƙasa, na yi ƙasa da murya, na yi masa bayani. Ya dube ni ya ce:

“Wato ni ne ban san abin da nake yi ba a ofishina?”

Kafin na isa gida ya kira mahaifina, ya ce yarinya ta ɗan huta, aikin ya fi ƙarfinta. Na rantse wa Baba, na kwatanta masa soket ɗin da hannuna. Bai ko ɗago ba.

“Ko da gaskiyarki, ba ke za ki faɗa ba. Gobe ki je ki ba shi haƙuri.”

Na je, na bayar. A durƙushen nan na hango sabon soket mai baki huɗu a ƙarƙashin teburinsa, ledarsa ma ba a yar ba, rawuta na ta ƙyalli. Ya ce ya yafe min, Allah ya yi min albarka, amma bai ce na dawo ba. Wanda aka ɗauka bayana, na ji ana yabonsa, wai tunda ya zo netwok bai ƙara ɗaukewa ba.

Yanzu ina da wurin aikina, ma'aikatana kuma na ce musu in ni ce matsalar su faɗa min a fuskata. Aikin da na rasa ya daɗe da fita raina. Abin da har yau yake min ɗaci shi ne, har Allah ya karɓi ran Baba, in yana son a duba masa wani abu a kwamfuta, ina zaune a gabansa zai ce a kira masa ƙanina.