Ranar da Malam Ke Kwantar da Ɓauna

Duk shekara, idan tafiyarmu gidan 'yarmu ta matso, Malam yakan jawo tsohuwar katifa tsakar gida, ya kwantar da babur ɗinsa a kai da gangan, sannan ya ɗaga shi shi kaɗai. In ya tashi, mu ɗaure kaya. In bai tashi ba, ya ce ranar zai kira dillali a sayar da shi. Dokar da ya kafa wa kansa ke nan, ba wanda ya aike shi, kuma ni matarsa babu ranar da na tsana a shekara irin wannan.

Malam gyaran injin ban ruwa yake yi. Tun yana saurayi aikin ke kai shi gonakin da mota ba ta zuwa, har abokansa suka laƙaba masa Dogon Zango, don in ya hau babur sai ka roƙe shi kafin ya tsaya. Mutum ne marar yawan magana, amma ka taɓo zancen babur, to ka nemi kujera. Da na shigo gidan nan wani siririn babur na tarar, muna ce masa Mai Tari. Kai, na sha wuya! Sarƙarsa ta ci min gefen zane ya fi a ƙirga, in muka shiga gargada har haƙorana ke haɗuwa, tankinsa kuwa sai ka ce kofin shayi. Malam yana yabonsa har gobe, wai bai taɓa barinsa a hanya ba. Ni dai na san sau nawa na tura shi.

Bayan an yaye babban ɗanmu, Malam ya sayo wannan ƙatuwar, baƙa wuluk, da akwatuna biyu a gefe da gilashin tare iska a gaba. Ni na sa mata suna Ɓauna. Ba ta da sarƙa, wani ƙarfe ne a rufe ke juya tayar baya, don haka zanena ya huta. Kujerar baya faffaɗa ce, har da wurin jingina. A kan kwalta, in babbar mota ta wuce mu da iskarta, ko gezau ba ta yi. Tana da nata halin fa: a cunkoso zafin injinta gasa ƙafa yake, a rairayi sai ta riƙa kai da kawo kamar mai maye, tayarta kuma sai an yi odarta. Ga nauyi na tashin hankali. Nauyin nan ne ya haifi dokar. Wata shekara Malam ya tsinci wani matafiyi a hanyar daji, babur irin wannan ya danne masa ƙafa tun safe har rana ta take, ba mai wucewa. Ya dawo gida bai ci abinci ba, washegari ya jawo katifa.

Bara aka yi masa aikin ƙaba. Likita ya ce ban da ɗaukar kaya mai nauyi, Malam ya ce to, irin “to” ɗin nan nasa da na sani. Ɗanmu ya ga abin ba na wasa ba ne, sai ya sayo masa sabon babur, dogo, shafal, ja. Ni Sauro nake ce masa. Malam ya hau shi wata da watanni zuwa gonaki, ya kuma faɗi gaskiya a kansa, don ba ya zaluntar inji. Ya ce ba ya shan mai, yana ratsa rairayi kamar wasa, in ya faɗi da hannu ɗaya ma ka tashe shi. Amma in tafiya ta yi nisa tafin hannu mutuwa yake don karkarwa, iskar tirela tana watsa shi gefe, ga sarƙa kullum tana neman mai. Kujerar baya kuwa, wallahi faranti ya fi ta faɗi. Sau ɗaya na hau, a mararraba na ce ya sauke ni, na shiga mota na dawo gida.

Abin da ɗanmu bai gane ba, ni ba kaya ba ce a bayan babur ɗin nan, aiki nake yi. Tun da Malam ya fara shan maganin hawan jini, da rana ta karkata barci ke fizgarsa. Ni nake ganin hular kwanonsa ta soma sunkuyawa hagu, in buga masa kafaɗa, in bai ji ba in mintsine shi a haƙarƙari, mu sauka gindin bishiya ya wanke fuska. In Ɓauna ta tafi, Malam ba zai daina tafiya ba, na san wanda nake aure. Zai hau Sauro shi kaɗai, ni in bi motar haya, hular ta sunkuya babu mai gani. In kuma ya dage sai ya ɗaga Ɓauna, ɗinkin cikinsa ne a gabana. Na rasa wanne zan roƙa, sai na riƙa cewa Allah ya zaɓa.

Da sati ya rage na gwada shi da lallashi.

“Malam, bana kam a yafe katifar nan mana. Wa zai sani?”

“Ni zan sani,” in ji shi, yana goge fitila.

“To Allah ya ba ka haƙuri, sarkin sani. In cikin ya ɓarke kai za ka ɗinke?”

Ya ci gaba da goge fitilarsa. Na banko ƙofar ɗaki har labule ya faɗo.

Ranar ta zo da safe, bayan karin kumallo. Ɗanmu ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya harɗe hannu, fuskarsa ta nuna so yake uban ya kasa a huta. Malam ya rufe mai, ya sa giya don kada taya ta gudu, shi da ɗan suka kwantar da Ɓauna a hankali a kan katifa. Ya sauke ƙafar kafewa ta ɗaya gefen. Ya ce wa ɗan nasa, “Koma can. Ko ka ga na faɗi kada ka taɓa.”

Ya juya mata baya ya tsuguna, ƙugunsa a jikin kujera, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a ƙarfen baya. Haka yake yi, da ƙafa ake turawa. Ya yi bismillah ya yunƙura. Ɓauna ta taso kamar taku ɗaya, ta tsaya, jijiyoyin wuyansa suka fito raɗa-raɗa, sannan ta koma rim. Na ji kamar a ƙirjina ta sauka.

“Baba, ya isa haka,” in ji ɗanmu.

Malam ya share gumi da hular kansa. Na ga hannunsa ya kai wurin ɗinkin ya dawo da sauri, wai kada in gani. Ya sake tsugunawa. Wannan karon ko takun ɗayan ba ta yi ba, silifas ɗinsa ya zame, ya zauna daɓas a ƙasa yana haki. Bai dubi kowa ba. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “Kira min dillali.”

Ɗanmu ya zaro waya. Ban san lokacin da na tsuke ɗamara da gyalena ba.

“Mayar da wayar nan aljihu kafin in fasa ta. Malam, tashi.”

“Maman yara, doka ta ce ni kaɗai.”

“Dokar wa? Yaushe rabon da ka yi doguwar tafiya a kan Ɓauna kai kaɗai? In ta faɗi a daji ina kake zaton zan kasance, a kan bishiya ina tafa maka?”

Ya ɗago ya dube ni. Ɗanmu ya fara “Umma, don Allah,” na daka masa harara ya yi shiru. Malam ya nuna min inda zan kama, ƙarfen da nake riƙewa a baya duk shekarun nan, har fentin wurin ya goge da tafina. Ya ce in lanƙwasa gwiwa, kada in ɗaga da gadon bayana. Muka yunƙura. Wayyo Allah, ashe abin da bawan Allahn nan ke ɗagawa ke nan! Idona ya yi duhu, wani abu ya ce ƙas a kafaɗata, na ji shi yana cewa tura, tura, muna ja da baya taku-taku, har ta haye ta zauna a kan ƙafarta.

Muka tsaya muna haki kamar waɗanda aka koro. Ɗanmu ya girgiza kai ya fice, ko sallama babu. Malam ya buɗe mai, ya ɗauko makulli ya zura a raminsa.

“To, daga yau dokar ta haɗa da ke,” in ji shi. “Shekarar da muka kasa mu biyu, babu Ɓauna, babu Sauro, mota za mu shiga. Lafiyarki ƙalau dai?”

“Ƙalau,” na ce.

Mun je mun dawo, sau uku na mintsine shi a hanya. Kafaɗar nan har yau ba ta kai hannuna saman kwaba, da hagu nake sauko da tukunya in Malam ba ya kusa. Katifar tana jingine a bayan ƙofar kicin, kullum sai na wuce ta. Saboda ɗagawar baɗi, na dai fara cika bokitin wanka har baki, in ɗauko shi da kaina tun daga famfo, in Malam ya miƙo hannu in ce ya bari.