Anti Gladys Ta Bar Bencin Baya, Wa Zai Zauna?

Kafin ɗalibai su gama sharar fili, Anti Gladys tana tsaye a ƙofar wata firamare a nan Zuru tana jiran babur ɗin Dawuda ɗan kabu-kabu. Ya sauke ɗiyarsa Farida, ita kuma ba ta rungumarta, don yarinyar ba ta son a taɓa ta ba shiri. Sai ta nuna mata kwali mai zanen abin da za a yi yau: taron safe, lissafi, hutun tara, tashi. Su wuce aji ta hanyar da suka bi jiya, su zauna a bencin baya. In za a buga tsohon wilin motar da muke kira ƙararrawa, ta riga ta raɗa mata, yarinya ta toshe kunne.

Farida tana da abin da likitoci ke kira otizim. Ƙara tana yi mata zafi kamar wuta, canjin tsari yana firgita ta, magana kuwa sai da lallami. Mu kuma, da yake masana ne, nan da nan muka yanke hukunci. Wasu suka ce iska ce. Wasu suka ce sangarta. Na daɗe a duniya, kuma na lura duk abin da ya fi ƙarfin haƙurinmu aljanu muke ɗora wa.

Gladys malama ce mai takardar koyarwa, tana da ajinta da allonta. Ita ta roƙa a bar ta ta koma baya ta zauna da irin waɗannan yara, abokan aiki suna dariya wai ta zama mai raino. Masu talla a bakin taga sun shaida ranar da Malam Yusha'u, malamin ajin, ya ɗaga bulala saboda aji na maimaita karatu da ƙarfi, Farida na jijjiga jiki ta ƙi buɗe baki.

"Anti, matsa. Taurin kai ne, yau zan sauke mata shi."

"Malam, ga hannuna, fara da ni. Amma ka sa su yi shiru tukun, ka tambaye ta ita kaɗai."

"Ke kin mai da aji asibiti!"

"Kai kuma ka mai da shi tashar mota."

Aji ya fashe da dariya. Da aka yi tsit ya yi mata tambayar lissafi, yarinya ta jera marafan kwalba a kan benci ta ba da amsar. Yau tana karanta jimla, tana ɗaga hannu in za ta fita.

Gladys, ke ce mai zama inda manya ke jin kunyar zama. Ke kika gane cewa saka yaro a aji ɗaya da sauran yara ba shi ne koyar da shi ba, ko da an rubuta hakan da manyan baƙaƙe a bangon makaranta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami da zafin rai. Makon jiya aka yi mata walimar ritaya. Don a girmama matar da ta ƙare aikinta tana roƙon a rage ƙara, sai aka ɗauko manyan lasifika biyu da mai kiɗa! Ana kunnawa Farida ta ƙwalla ihu ta shige ƙarƙashin tebur. Mai walima ta tashi daga kujerar alfarma da ashobinta, ta rarrafa ta fito da ita, suka koma gindin mangwaro. Hedimasta na ta yabon kujerar da ba kowa.

Da aka kashe kiɗa ta dawo, aka miƙa mata kula da atamfa. Ta ce, "Na gode, Hedimasta. Amma wa zai zauna da ita in an dawo hutu?"

Kowa ya duƙufa kan shinkafarsa. Hedimasta ya gyara murya ya ce za a kafa kwamiti, Dawuda ya riƙe yarinya a gida tukun. Dawuda ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta zauna gida wata guda, sai an koma farko." Aka ce ya yi haƙuri.

Kwamiti ba ya zama a benci. Mutum ake nema, mai kunne da haƙuri, kuma Gladys ta ce za ta koya wa duk wanda ya zo, ko malami ne ko uwa.

Mun gode, Gladys. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma da kuka tafa mata har hannu ya yi ja, ran Litinin ake komawa. Dawuda ya ce shi dai zai kawo ɗiyarsa, ko da ba wanda zai tarbe ta a ƙofa. Kada ku bari ya juya da ita.