Ramin da Lawali ya tona

Ranar Talata ce, cikin bazara. Ƙahon barikin soja ya busa na farko ina durƙushe a ɗakin Cima, matar ƙanena Lawali. Kafin liman ya sallame asuba ɗiya ta faɗo. Ta yi kuka ɗaya mai ƙarfi, ta yi shiru. Na yanke cibi, na wanke ta, na miƙa wa uwar. Haihuwar fari ce, amma ba ta ba ni wuya ba. Ni ɗiyar ungozoma ce, jikar ungozoma. Rabin yaran unguwarmu Gamkalle na lokacin a hannuna suka fara shan iska.

Gari ya waye kamar kullum. Maƙwabta na daka. Masu lambu na gangarawa bakin kogi da gwangwanayen ban-ruwa. Na hura wuta, na ɗora babbar tukunya ta wankan jego. Ragon suna yana ɗaure a gindin itacen bedi, wata biyu Lawali yana ba shi dusa da hannunsa.

Ku da ba ku ga zamanin ba, ku saurara. Ba a daɗe da tafiyar Nasara ba. Jam'iyya ɗaya ta ci mulki, ɗayar aka hana ta numfashi. Radiyo kullum cewa yake wasu sun tsallako iyaka da bindigogi, sun binne su cikin gidajen mutane. Mu da muka zo daga Maraɗi, kowa kallon ƴan ɗayar jam'iyyar yake mana. Lawali ya taɓa jefa wa waɗanda suka faɗi ƙuri'a, sau ɗaya, kuma bai ɓoye ba. Bayan haka bai san komai ba sai lambunsa na salati da tumatir.

Danga ɗaya ta raba mu da Gado. Ɗan garinmu ne, mota ɗaya ta kawo mu Yamai. Sun yi faɗa da Lawali kan rijiyar lambu, dattawa suka ba Lawali gaskiya. Daga baya aka ba Gado katin jam'iyya da usur, aka ce shi ne idon unguwa.

Saura aiki ɗaya gare ni: mabiyiya, abin da ke biyo jariri bayan ya fito. Ana wanke ta, a naɗe a tsumma, a binne bayan ɗaki. Aikin mata ne. Namiji ba ya gani, ba ya taɓawa. Na ɗauki fartanya na zagaya. Ƙasar wurin marmara ce, rana ta gasa ta. Na sara sau uku, fartanya ta dawo mini. Bayana yana ciwo, ban runtsa ba tun jiya. Sai na kira Lawali na ce ya tona mini rami kamu biyu, ya tafi abinsa. Ya tona da diga. Bai tambaye ni ba. Ya bar wurin, na sa ƙunshina, na rufe, na daddage da ƙafa.

Ƙarar diga ce ta jawo Gado. Na ga hularsa ta saman danga. Na ɗauka gulma ce irin tasa. Ko sannu ban ce masa ba.

Rana ta kai tsayin mashi biyu na ji usur. Sau uku, daga wajen kasuwa. Dakan maƙwabta ya tsaya, turmi bayan turmi. Sai ƙarar kamiyo, babbar motar kaya. Ta tsaya daidai ƙofarmu, ba a kashe injin ba.

"Ku fito! Kowa ya fito!"

Jandarma biyu ne. Sauran samarin jam'iyya ne da kulake, sun fi ashirin. Na san su. Huɗu daga ciki ni na yanke musu cibi. Ba wanda ya dubi idona. Gado yana bayansu, yana nuna bayan ɗaki da leɓe.

Suka durƙusar da Lawali tsakar gida. Babban jandarman ya tambaye shi abin da ya binne. Lawali ya sunkuyar da kai. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A wurinmu mutum ba ya buɗa baki gaban jama'a ya ce matarsa ta haihu, balle haihuwar fari. Kunya ce. Ko sunan ɗan ba ya faɗa har ya mutu. Aka sake tambayarsa. Bai ɗago kai ba. Kulki na farko ya sauka a kafaɗarsa.

Jandarman ya juyo gare ni. Ni ma ban faɗa ba. Ba a nuna wa maƙiyi inda mabiyiyar yaro take, da ita ake yi masa mugun abu, kuma ga Gado tsaye. Na ce masa abin mata ne, ba ruwan maza. Na faɗa da kaina a sama, yadda na saba yi wa mazan da ke leƙen ɗakin haihuwa. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Ban faɗe ta ba.

"A tona!"

Kafin su kai ga ƙunshin, sauran sun gama da Lawali. Na ƙirga kulki goma sha ɗaya, na daina ƙirgawa. Wasu suka shiga ɗaki neman sauran bindigogi. Suka jawo Cima daga gado da ɗiya a ƙirji, suka kife gadon, suka farke katifar ciyawa. Wani ya shure tukunyar wanka, ruwan ya kashe wutar. Cima na tsaye jikin bango, jini na bin ƙafarta. Awa uku ke nan da haihuwarta.

Mai tonon ya ɗago tsumman a bakin shebur, ya warware. Kowa ya gani. Tsakar gidan ta yi tsit, sai injin kamiyo. Na ɗauka za su ji kunya. Sai wani ya yi dariya daga bayan danga, dariyar ta kama mutanen da ke waje. Fuskar jandarman ta canza. An kawo shi da mota da mutum ashirin, ga abin da ya samu. Ba zai koma hannu wofi ana yi masa dariya ba.

"Ku ɗauko shi!"

Suka jefa Lawali bayan kamiyo kamar buhu. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Suka kwance ragon, suka jefa shi kusa da shi. Gado ya tsaya a ƙofa ya ce da la'asar za a dawo a ƙone gidan, a ga abin da ke cikin jinka. Ya faɗa da murya mai daɗi, kamar mai ba da shawara.

Na tattara mabiyiya daga ƙasa, na kakkaɓe, na sa a ƙwarya na rufe da faifai. Na ɗaure wa Cima ciki da zane biyu. Na ƙwanƙwasa gida biyar a layinmu, gidajen da na yi wa aiki ban karɓi ko goro ba. Ba a buɗe ko ɗaya ba. Ina jin numfashinsu bayan ƙyaure.

Ana kiran azahar muka fita. Na goya ɗiya, ƙwarya a kaina, Cima ta riƙe kafaɗata. Ba mu bi hanya ba, akwai shinge na samarin a kowace mararraba, suna neman katin jam'iyya. Muka bi cikin lambuna. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, ba ta taka ƙasa mai zafi, ba ta shan ruwan sanyi. Ranar nan ta yi duka ukun. Tana yin taku ashirin ta durƙusa. Duk inda ta durƙusa sai in tura ƙasa da ƙafa in rufe jinin.

Lokotoro, wato asibiti, yana cikin gari, bayan shinge uku. Na yi tunaninsa. Na duba hanya, na ga kulake, na juya wajen kogi.

Lokacin babu gada. Jirgin fito na gwamnati akwai gardi mai tsaro a kansa. Can ƙasa da lambuna muka sami wani tsoho Bazabarme yana gyaran taru. Ba ya jin Hausa, nawa Zabarmancin na kasuwa ne. Ya dubi zanen Cima, ya ajiye tarun. Ya shimfiɗa ta cikin kwalekwale, ya rufa mata tabarma. Muna tsakiyar ruwa aka kira la'asar. Na waiga. Hayaƙi ya tashi daga Gamkalle, baƙi, a miƙe. Ban gaya wa Cima ba.

A Lamorde, ƙetaren kogi, wata Bafilatana mai kawo mana nono ta ba mu bukka. Na roƙi itace, na dafa ruwa a ƴar tukunyar miya. Da shi na yi wa Cima wanka, ruwan da bai isa wanke yaro ba. Jinin bai tsaya ba. Na ba ta duk saiwar da uwata ta koya mini. Laraba zazzaɓi ya shiga. Alhamis ta daina gane ni, tana kiran innarta. Juma'a da hantsi, ɗiya na kan nono, hannunta ya saki.

Ranar suna mu uku ne: ni, Bafilatanar, da malamin da ya yi wa Cima salla. Ba rago, ba wanzami. Ni na aske kan da reza. Na sa mata sunan uwarta. Nonon saniya ya raya ta.

Na nemi Lawali shekara biyu. Komiseriya, ofishin ƴan sanda, suka ce in je kaso, gidan yari. Kaso suka ce an kai su arewa. Wani da ya fito ya ce ya ga mai takalmi ɗaya a daren farko, da safe bai gan shi ba. Iyakar abin da na samu ke nan.

Gado ya gaji rijiyar. Ya tsufa, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinariya. Sau biyu ya aiko a roƙe ni gafara. Na ce wa ɗan aiken ya koma. Da matar ɗansa ta kwana biyu tana naƙuda suka zo gare ni, na tafi, don yaron bai yi mini komai ba. Na karɓi haihuwar, na binne abin binnewa da hannuna, na fito. Ban sha ruwan gidan ba.

Mabiyiyar ɗiyar Lawali tana Lamorde, bayan inda bukkar take. Ranar da muka isa na binne ta, kafin magariba. Kabarin Cima taku arba'in ne daga wurin. Na Lawali ban san inda yake ba. Ƙasar can rairayi ce. Da hannu na tona, ko fartanya ban nema ba.