Huji na Biyu

A unguwarmu a Gazawa ni ce mai hujin kunne. Ba sana'a ba ce, goro ake ba ni ko ɗan sabulu, amma duk gidan da aka haifi mace, kafin ranar suna sai an aiko in zo da allurata. Wurin innata na koya, Bagobira ce ta Gidan Rumji. A kara allura a wuta, a zura baƙin zare, a shafa man shanu. Kafin jaririya ta buɗe baki ta yi kuka na ƙulle zaren. Ina ji da hannuna, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. In na ga huji ya karkace a kunnen yarinya, sai na tambayi wace makauniya ce ta yi shi, ko da mai aikin tana zaune a wurin.

'Yata ta fari innata ce ta huda mata tana jaririya, ya warke lafiya lau. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni komai. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa, ba na tsayawa in kalli fuskarta a gaban mutane. Haka aka yi mini, haka na yi mata. Ina sonta fiye da yadda zan iya faɗi, amma ita abin da ta sani daga gare ni bai wuce aike da faɗa ba.

Tana shekara goma sha huɗu yayin huji biyu ya shigo mana daga Katsina. Wata 'yar kasuwa ta kawo ƙananan 'yan kunne masu jan dutse, na saya na ɓoye har Sallah ta matso. Yarinyar ba ta roƙe ni ba, ita hankalinta yana kan lakol, makarantar boko. Da na kira ta na nuna mata allura, ta ce huji ɗaya ya ishe ta. Na ce ta zauna ta daina yi mini iyayi. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, so nake in riƙe kanta a cinyata ko na ɗan lokaci ne, kuma ba ni da wata hujja sai allurar. Na huda sama da tsohon hujin, dama da hagu. Ba ta yi ko tari ba.

Na dama ya warke. Na hagu ya fara ƙaiƙayi, ya yi ɗan tudu, ni ban sani ba. Kullum tana cikin hijabi, ni kuma ba mai kallonta ba. Sai da mai kitso ta tare ni a bakin famfo ta ce ko na ga abin da ya fito wa yarinyar a kunne. Na wanke ta tas, na ce ta ji da kitsonta mai tsinka gashi. Da na dawo gida na ɗaga hijabin, na ga abu kamar gujiya, mai sheƙi, a bayan hujin da na yi.

Na ɗauka irin ɗan tsiron fatar nan ne da muke ɗaurewa ya faɗi. Na sa aka tsinko mini gashin wutsiyar doki, na ɗaure gindinsa tamau, kowace safiya ina ƙara matsewa. Tana hawaye ina cewa ta yi haƙuri, aikin ya kusa. Ya yi baƙi, ya fara wari, a rana ta tara ya faɗi. Har gidan mai kitso na je don ta ji labari. Kafin a gama girbin gero ya dawo, ya fi na da, kamar aduwa.

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba, don ban iya jure a ce hujina ne ya ɓaci. Ranar kasuwar Agiye na ɗauke ta muka shiga mota zuwa wurin wani tsohon wanzami da ake yabo. Ya duba ya ce mataccen jini ne. Ya yanke shi da aska, sannan ya yi tsaga huɗu a ƙarƙashin kunnen har wuya don jinin ya fita. Ta damƙe zanina da hannu biyu, ba ta saki ba sai da aka gama. Ba ta taɓa kusantata kamar ranar ba, kuma ni na kai ta.

Bayan shekara kunnen ya zama kamar an rataya masa goruba, tsagar nan huɗu kuma kowacce ta tashi ta yi kauri kamar yatsa. Ba ta iya kwanciya ta hagu. Yara a lakol suka sa mata mai kunne uku, wata safiya ta ninke kayan makarantarta ta sa a akwati, ba ta sake komawa ba. Ubanta bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi mu shirya, asibitin Maradi za mu, wurin lokotoro.

Lokotoron da ta gan mu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce akwai fatar da in ta ji rauni ba ta san inda za ta tsaya da warkewa ba, sai ta yi ta tara nama, kuma duk yankan da aka yi mata ƙara zuga ta ake yi. Ta ce da tun yana ƙarami aka kawo ta, akwai allurar da kan kwantar da shi. Ta tambaya ko akwai mai irin wannan tabo a dangi. Maigidana ya ɓalle maɓallin rigarsa ya nuna ƙirjinsa, inda aka taɓa yi masa ƙaho yana saurayi. Shekara ashirin ina ganin tudun nan a jikinsa, ban taɓa haɗa su da kunnen 'yarsa ba.

Sai lokotoron ta tambaya wa ya fara taɓa wurin. Na sunkuyar da kai ina jira. Yarinyar ta ce wanzami ne, ba ta ƙara ko kalma ba. Har yau rufin asirin nan yana ci mini rai fiye da zagi.

Mun yi ta zuwa allura wata bayan wata. Ƙaiƙayin ya ragu, naman bai tafi ba. Aka ce akwai aikin tiyata a Yamai, amma ba wanda zai yi alkawarin ba zai dawo ba. Ita da kanta ta ce an yanka ta ya isa. Daga nan ko a tsakar gida, cikin zafin bazara, ba ta cire hijabi. Na sha shirya maganar neman gafara a bakina, in na zo gabanta sai in ce ta ɗauko mini tsintsiya.

Ta auri ɗan ƙanen ubanta a Sae Sabuwa, mutumin kirki, ya san da kunnen tun suna yara. Da cikinta ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi, ta sami mace. Ni nake yi mata wankan jego, a nan na ga wurin gaba ɗaya bayan shekaru, ya sauko har kusa da kafaɗa. Ina watsa mata ruwan zafi da ganye ina kauce masa, ita kuma tana kallon bango.

Ana gobe suna, da hantsi, mata sun cika ɗaki, na ɗauko allura da zare. Na gaya wa kaina ai hujin jarirai ba ya haka, nata na farko ma ya warke. Na miƙa hannu a ba ni jaririyar. Uwarta ta rufe kunnen 'yar da tafin hannunta.

"Inna, maida allurarki. Ɗiyata ba a huda ta."

"Mi kike nuhi? Mace ce hwa."

"Na sani. Ni ma mace ce."

Ba ta ɗaga murya ba. Wata tsohuwa ta fara cewa ba a yi wa uwa haka, na ce ta bari. Na soke allurar a gefen zanina na fita duba ruwan wanka.

Tun daga ranar ban sake huda kowa ba. In an aiko sai in ce idona ya yi rauni. Jikata ta fara tafiya yanzu, kunnenta ba huji, baƙi suna tambaya ko namiji ne. Uwarta ba ta hana ni ɗaukarta. In sun zo takan miƙo mini ita da kanta, in ɗora ta a cinya. Sai dai ba ta zuwa ko'ina, tana tsaye a gefena, idonta a kan hannuwana har in sauke ta.